Harvey Cushing: Likitan da kuskurensa ya buɗe wa duniya hanyar gano ciwon ƙasan ƙwaƙwalwa

Ɗan'uwa, ko 'yar'uwa mai karanta wannan a waya, bari mu fara daga gida. A ce yayarka ta haihu a Gwandu, an yi suna lafiya, an watse. Kafin a yi arba'in sai ciwon kai ya sa ta gaba. Nono ya ƙi zuwa. In ta miƙe jiri ya kwashe ta, tana shan ruwa kamar an aiko ta, tana ta zaryar fitsari. Wata rana ta yi karo da ƙyauren ɗaki, ta ce ita ba ta gan shi ba, alhali idonta biyu. A gida kowa da tasa fassarar: wata ta ce wankan jego ne bai karɓe ta ba, wata ta ce iska, wata ta rage murya ta ambaci kishiya.

Mai yiwuwa duk abin nan daga wuri ɗaya yake fitowa, wani ɗan ƙululu da bai wuce ƙwayar gujiya ba, a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci. Likitoci suna kiransa fitutari. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen fahimtar da duniya aikin wannan ƙululu shi ne Harvey Cushing, Ba'amurke, wanda ya rasu tun 1939. Labarinsa za mu bi yau, domin a ƙarshensa akwai abin da zai iya amfanar yayar taka.

Autan gidan likitoci

An haifi Cushing ranar 8 ga Afrilu, 1869, a birnin Cleveland na jihar Ohio. Shi ne auta a cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa likita, kakansa likita, kakan mahaifinsa ma likita. Ya yi digirin farko a jami'ar Yale, ya gama a 1891, daga nan ya wuce Harvard karatun likita, ya gama a 1895.

Kada ka ɗauka gado ya sauƙaƙa masa. Yana ɗalibi aka ba shi aikin shaƙa wa wani majinyaci maganin sa barci kafin tiyata. Majinyacin ya mutu a hannunsa, a gaban sauran ɗalibai. Abin ya girgiza shi har ya yi tunanin barin karatun gaba ɗaya. A wancan zamani irin wannan mutuwa ba baƙuwa ba ce, manya ma ba su ɗauke ta wani abu ba. Shi kuwa bai iya mantawa ba. Da shi da abokinsa Ernest Codman suka ƙirƙiro wata takarda da ake rubuta bugun zuciya da numfashin majinyaci a kai a kai muddin ana yi masa aiki. Takardar nan da ma'aikacin sa barci yake cikewa a ɗakin tiyata yau, a Birnin Kebbi ko a Landan, jikanyar waccan ce.

Ka riƙe wannan hali nasa, don za ka sake ganinsa: in abu ya lalace a hannunsa, ba ya binne shi. Sai ya rubuta, ya auna, ya nemi inda aka kauce.

Saurayi da sabuwar na'ura

A watan Nuwamba na 1895 wani masanin kimiyya a Jamus, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, wanda muke kira eksire. Kamar yadda matasan yau suke rige-rigen gwada sabuwar manhaja, haka Cushing ya yi wa wannan na'ura. Cikin 'yan watanni ya fara aiki da ita a babban asibitin Massachusetts. Da ya koma asibitin Johns Hopkins a Baltimore a 1896, domin koyon tiyata a ƙarƙashin William Halsted, ya tafi da kayan ɗaukar hotonsa. A can aka kawo wata mata da aka harba a wuya. Ya ɗauki hotonta, hoton ya nuna inda harsashin ya maƙale a ƙashin wuya, ya kuma wallafa bayanin a 1897.

A 1900 ya tafi Turai ƙaro ilimi. A Bern ta ƙasar Suwizalan ya yi bincike a kan yadda jini ke hawa idan matsi ya yi yawa a cikin ƙoƙon kai, alamar da likitoci suke kira da sunansa har gobe. A Italiya ya ga abin awon jinin nan da ake ɗaurawa a damtse, ya kwafi tsarinsa ya kai Amurka a 1901, ya matsa sai an riƙa amfani da shi lokacin tiyata.

Yarinyar da ya kasa ceta

A ƙarshen 1901 aka kwantar da wata yarinya 'yar shekara 14 a Johns Hopkins. Ciwon kai mai tsanani, gani yana raguwa, kuma jikinta bai nuna alamun balaga ba. Cushing ya gane akwai matsi a cikin kanta, amma bai san daga ina ba. A farkon 1902, wato shekara guda kafin Turawa su ci Sakkwato, ya yi mata tiyata har sau uku yana lalube. Bai samu komai ba. Yarinyar ta mutu. Da aka duba gawar sai ga wani ƙari mai ruwa a daidai wurin fitutari, wurin da ko sau ɗaya bai nufa ba.

Abin da ya ƙara masa ciwo, a daidai wannan lokaci wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Alfred Fröhlich, ya ba da labarin wani yaro mai irin waɗannan alamu, kuma shi ya gane cewa daga fitutari ne. Wato amsar tana nan, Cushing ne bai san ta ba. Daga nan ya ɗaura ɗamarar sanin wannan ƙululu ciki da bai.

To mene ne shi wannan fitutari? Nauyinsa kusan rabin giram ne kacal, amma shi ne kamar sarkin fada a jikin mutum. Yana fitar da sinadaran homon da ke ba sauran ƙululai umarni. Shi ke sa yaro ya yi tsawo, shi ke buɗe ƙofar balaga da haila, shi ke kawo ruwan nono, shi ke tsokanar ƙululun maƙogwaro, shi ke umartar ƙululan da ke saman ƙoda su fitar da sinadarin da ke riƙe mutum a tsaye lokacin ciwo ko firgici. Ɓangarensa na baya kuma shi ke hana ƙoda zubar da ruwan jiki barkatai. Yana zaune a cikin wani ɗan kwarmin ƙashi wanda masana suka ga ya yi kama da sirdin doki, har suka sa masa suna sirdin Turkawa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya san siffar: gaba a ɗage, baya a ɗage, tsakiya a lotse. A samansa kaɗan jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Shi ya sa in ƙululun ya kumbura ya danne su, gefe-gefen gani ne ke fara tafiya. Mutum yana ganin gabansa sarai, amma mashin ɗin da ke tahowa ta gefe ba ya ganinsa.

Cushing ya shiga ɗakin gwaji yana yi wa karnuka tiyata. Ya ga in an cire ƙululun duka, karen ba ya daɗewa. In an cire wani sashe, sai ya yi ƙiba, ya yi sanyi, sha'awarsa ta mutu. Daga nan ya raba cututtukan gida biyu: na lokacin da ƙululun yake aiki fiye da kima, da na lokacin da ya gaza. A 1909 ya je Landan ya roƙi a buɗe ƙoƙon kan wani dogon mutum ɗan Ayalan, Charles Byrne, wanda ya mutu tun 1783 aka ajiye ƙasusuwansa a gidan tarihi. Tsawon mutumin ya haura ƙafa bakwai da rabi. Da aka buɗe, sai ga sirdin kansa ya faɗaɗa ƙwarai, alamar ƙari ne ya zauna a wurin ya yi ta tura masa sinadarin girma.

Hoton da ke nuna sirdi, ba ya nuna mahayi

Ga matsalar zamanin Cushing. Eksire ƙashi yake nunawa. Ƙululun kansa nama ne mai laushi, ba ya fitowa a hoto. Abin da likita zai iya gani shi ne sirdin: in ya faɗaɗa ko ƙasansa ya cinye, sai a ce lalle akwai abin da ke girma a ciki. Kamar ka ga sawu a bakin fadama ne, ka ce wani abu ya wuce, amma ba ka ga dabbar ba. Saboda haka Cushing ya haɗa hoton da wasu abubuwa: yana auna faɗin ganin majinyaci a kan takarda, yana leƙa bayan idonsa, yana ɗaukar hoton fuskarsa da hannayensa, yana neman tsofaffin hotunansa don ya ga yadda kamanni suka sauya, yana tambayar tarihin ciwon tun daga tushe.

A 1909 ya yi wa wani manomi tiyatar fitutari ta hanyar hanci, shekara biyu bayan wani likitan Ostiriya, Hermann Schloffer, ya fara gwada wannan hanya. Daga baya ya gyara ta, yana shiga ta ƙarƙashin leɓen sama. Tsakanin 1910 da 1925 ya yi irin wannan aiki sau 231, kuma waɗanda suka mutu ba su kai shida cikin ɗari ba. Ka tuna lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fanisilin. A 1912 ya fitar da littafinsa a kan fitutari da cututtukansa, a shekarar kuma ya koma Harvard a matsayin farfesan tiyata, ya zama babban likitan tiyata na sabon asibitin Peter Bent Brigham a Boston.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi Faransa, inda ya yi ta ciro ɓaraguzan ƙarfe daga kawunan sojoji, wani lokaci da maganaɗisu. Bayan yaƙi ya rubuta tarihin malaminsa William Osler, littafin da ya ci kyautar Pulitzer a 1926. A shekarar ce kuma ya fara amfani da na'urar lantarki ta William Bovie mai yanka tana tsayar da jini. Ranar 15 ga Afrilu, 1931, ya yi tiyatar ƙarin ƙwaƙwalwa ta dubu biyu. Lokacin da ya fara wannan aiki, buɗe kan mutum kusan sallama da shi ne. Lokacin da ya ajiye wuƙa, waɗanda ke mutuwa a hannunsa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Ba waliyyi ba ne

Kada labarin ya yi daɗi da yawa. Cushing mutum ne mai zafin rai. Yakan yi wa mataimakansa kaca-kaca a gaban jama'a. Ya yi doguwar gaba da tsohon ɗalibinsa Walter Dandy, wanda a 1918 ya ƙirƙiro dabarar tura iska cikin ramukan ƙwaƙwalwa domin su fito a hoton eksire. Dabarar ta taimaka ƙwarai wajen gano inda ƙari yake, amma Cushing ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya karɓe ta. Ka ga mutumin da ya rungumi eksire yana saurayi, da girma ya zo shi ma sai da sabon abu ya yi masa nauyi. Iyalinsa kuma ba su cika samunsa ba. Ranar da aka gaya masa babban ɗansa William ya mutu a haɗarin mota a 1926, sai da ya gama tiyatar da ke gabansa sannan ya tafi. Ga shi da shan taba kamar me, har jijiyoyin ƙafafunsa suka toshe, tafiya ta riƙa yi masa wuya.

Cutar da ta ɗauki sunansa

Tun 1910 ya ga wata mata 'yar shekara 23 da ta tsaya masa a rai: fuska ta yi zagaye, ciki da ƙeya sun tara kitse, gashi ya fito mata a fuska, haila ta ɗauke. Sama da shekara ashirin yana tara masu irin wannan siffa. A 1932 ya wallafa bayanin mutum 12, ya ce tushen ciwon wani mitsitsin ƙari ne a cikin fitutari. Da yawa ba su yarda ba, domin ƙarin ya yi ƙanƙantar da ba ya faɗaɗa sirdin, hoton eksire kuwa yana fitowa lafiya lau. Bayan mutuwarsa aka tabbatar da gaskiyarsa. Ƙarin yana sa jiki ya cika da sinadarin kotizol, kuma wannan ita ce cutar Cushing.

Nan fa abin ya shafe mu kai tsaye. Ba sai da ƙari ake samun wannan siffa ba. Ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe da wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, ɗan'uwan kotizol. Wanda ya daɗe yana amfani da su zai ga kumatu sun cika, ya ɗauka hutu ne, alhali fata tana sirancewa, jini yana hawa, sukari yana hawa, ƙashi yana rauni. Mai sha ya daɗe kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, don jikinsa ya daina yin nasa sinadarin. Likita ne zai rage masa a hankali.

Cushing ya bar tiyata a 1932, ya koma Yale. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba, 1939, da ciwon zuciya, yana da shekara 70. Da aka duba gawarsa sai aka sami wani ɗan ƙari mai ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, wanda babu hoton da ya taɓa nuna shi. Ya bar kwalabe ɗaruruwa na ƙwaƙwalwa da ƙari, da dubban hotunan majinyata, tare da bayanin kowa, waɗanda abokiyar aikinsa Dakta Louise Eisenhardt ta tsara. Suna nan a Yale, an buɗe musu wurin ajiya na musamman a 2010.

Abin da bai rayu ya gani ba

A 1962 wasu likitoci biyu a Glasgow, Goudie da Pinkerton, suka ba da bayanin wata mata 'yar shekara 22 da ta mutu wata 14 bayan haihuwa. Ba ƙari suka samu a fitutarinta ba. Garkuwar jikinta ce ta juya ta afka wa ƙululun, ya kumbura, ya daina aiki. Wannan shi ne kumburin fitutari, kuma an fi ganinsa ga mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa, ko da yake yana kama maza, kuma tarin fuka da wasu sababbin magungunan daji suna iya jawo shi. A wannan shekara ta 1962 ce kuma Latunde Odeku, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, ya dawo daga Amurka ya kafa sashen wannan aiki a Ibadan.

Sai a 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da na'urar CT a Landan, sannan MRI ta shigo asibitoci a farkon shekarun 1980. Ita MRI da maganaɗisu take aiki, kuma tana nuna naman kansa. Yanzu ana ganin mahayin, ba sirdin kaɗai ba. Tambayar da likita ke son hoton ya amsa ita ce: ƙari ne ko kumburi? Alamunsu a jiki kusan ɗaya ne, amma maganinsu ya sha bamban. Babban ƙari mai danne ido sau da yawa sai an yi tiyata. Kumburi kuwa yakan lafa da magani, a mayar wa jiki sinadaran da ya rasa, a riƙa bibiya. A hoto, kumburi yakan sa ƙululun ya girma daidai-wa-daida ta kowane gefe, igiyar da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa ta yi kauri amma tana nan a tsakiya, in an yi allurar ruwan da ke haska hoto sai ya haska gaba ɗaya, ƙashin sirdin kuma bai taɓu ba. Ƙari yakan karkata gefe guda, ya ture igiyar, ya ci ƙasan sirdin.

Duk da haka hoto yana iya ruɗarwa. An sha yi wa mata tiyata da zaton ƙari, sai a ɗakin gwaji a ga kumburi ne. Kuma kusan mutum ɗaya cikin goma masu lafiya, in aka yi musu MRI, za a ga ɗan tabo a fitutarinsu wanda ba ya cutar da su da komai. Saboda haka likitan kirki yana haɗa hoton da gwajin jini, da awon faɗin gani, da tarihin majinyaci, wato abin da Cushing yake yi tun ba na'ura. Tarihin nan yana da nauyi sosai a wurinmu. Matar da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, sannan nono ya ƙi zuwa, haila ta ƙi dawowa, mai yiwuwa ƙululun ne ya rasa jini ya mutu. Wannan wata cuta ce dabam, wadda Harold Sheehan ya bayyana a 1937.

Mu koma wurin yayarka

Ba kowane ciwon kai ne fitutari ba, kuma wannan kumburi ba cuta ce mai yawa ba. Amma in ka ga alamun nan sun taru a kan mai jego, ciwon kai da ba ya jin magani, gani yana raguwa ta gefe, rashin nono, kasala mai tsanani, jiri, ƙishirwa da yawan fitsari, to a yi addu'a, a kuma kai ta asibiti. In ta fara amai ko tana neman suma, kada a kwana, domin ƙarancin kotizol yana kisa, alhali maganinsa ba mai wuya ba ne. Daga asibitin Gwandu ko na Kalgo ana iya tura ta Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Hoton MRI yana da tsada, gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a kashe kuɗinsa ba sai likita ya nema. Abin da kai za ka iya yi kyauta shi ne ka buɗe wayarka ka rubuta: yaushe ciwon ya fara, ta zubar da jini wajen haihuwa ko a'a, wane magani ta sha, me ya sauya a jikinta. Ka kai wa likita wannan tare da duk tsofaffin takardunta.

Ku kuma ɗalibai, na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da na sauran makarantu, masu burin zama likitoci ko ma'aikatan ɗaukar hoto, jihar nan tana jiran ku. Za ku yi kuskure, kamar yadda Cushing ya yi a kan yarinyar 1902. In ya faru, ku rubuta shi, ku bi sawunsa har ku gano inda aka kauce, don kada majinyaci na gaba ya biya kuɗin kuskure ɗaya sau biyu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.